Qi Baishi, Kafintan da Ya Sayar da Zane da Awo

A rubuce sunansa Qi Baishi ne, a baki kuwa Ci Baishi ake faɗa. An haife shi ranar 1 ga Janairun 1864 a wani ƙauye na gundumar Xiangtan, cikin lardin Hunan na ƙasar Sin, a gidan manoma marasa hali. Karatunsa na makaranta bai cika shekara guda ba, aka cire shi ya koma kiwon saniya da yin itace. Da aka ga ba shi da jikin noma sai aka kai shi koyon kafinta. Ɗaukar manyan katakan gini ma ya fi ƙarfinsa, don haka ya koma wajen wani masassaƙi mai suna Zhou Zhimei, inda ya koyi sassaƙa furanni da tsuntsaye a jikin gadaje da akwatunan amare.

Yana da kimanin shekara ashirin ya je aiki gidan wani mai hali, ya tarar da tsohon littafin koyon zane. Ya roƙa aka ara masa. Kuɗin sayen irinsa babu, sai ya riƙa ɗora takarda marar kauri a kan kowane shafi yana bin layukan da dare, har wajen wata shida kafin ya gama ya mayar wa mai shi. A 1889 wani malami mai suna Hu Qinyuan ya ga aikinsa, ya ɗauke shi almajiri. Daga nan ya ajiye gizago, ya koma ciyar da gida da zana hotunan mutane.

Sai an san kayan aikin ake gane wuyar sana'ar. Tawadar Sinawa kunkunniya ce da ake haɗawa da danƙo a busar ta zama sanda, idan za a yi aiki a goga ta a kan dutse da ɗan ruwa. Duk wanda ya taɓa haɗa tawadar allo da ƙaro ba zai ga abin baƙo ba. Alkalamin na gashin dabba ne, takardar kuma tana shan ruwa nan take. Abin da hannu ya ɗora ya zauna ke nan, ba gogewa, ba gyara. Da baƙin nan guda ɗaya mai zane ke fitar da duhu da haske, gwargwadon ruwan da ya sa.

Tsakanin 1902 da 1909 Baishi ya yi manyan tafiye-tafiye biyar. Ya ga Xi'an da Bejin da Guilin, ya zauna a Guangzhou, garin da wasu daga cikinmu ke zuwa saro kaya yau, har ya taka gada ya leƙa Biyetnam. Ya dawo gida da niyyar tsufa a ƙauye, amma sojoji da 'yan fashi suka hana Hunan zaman lafiya. A 1917 ya gudu Bejin, a 1919 ya tare can gaba ɗaya, yana da shekara 55.

Kasuwar Bejin ba ta karɓe shi ba. Yana zana mafici a kan kuɗin azurfa biyu, rabin abin da sauran masu zane ke karɓa, duk da haka masu saye ƙalilan ne. Malaman birni suna yi masa kallon baƙauyen kafinta. Shi kuwa bai ɓoye asalinsa ba, har hatimai ya sassaƙa masu nuna cewa shi mutumin katako ne, yana buga su a jikin zanensa. Wanda ya buɗe masa ido shi ne Chen Shizeng, wani mai zane da ya ga hatimansa a shagunan unguwar Liulichang ya nemo shi. Chen ya ba shi shawarar ya daina bin sawun magabata, ya nemi hanyar kansa. Mutumin da ya doshi sittin ya rufe ƙofa ya sake koyo, kusan shekara goma. Abin da ya fito da shi shi ne jajayen furanni masu ƙarfin launi a kan baƙaƙen ganyaye, da kayan ƙauyen da ya tashi a ciki: kabeji, 'yan tsaki, kwaɗi, ƙaguwa, fara, har da manjagara.

A 1922 Chen ya tafi da zanensa wani baje koli a Tokiyo. Aka saye su kaf, wani har kuɗin azurfa 250. Da labari ya iso Bejin, dillalan da ke wuce ƙofarsa jiya suka fara sallama. Kayan da aka raina a gida sai da suka tsallaka iyaka suka yi daraja, abin da ba sai an yi wa ɗan wannan ƙungiya dogon bayani ba. Chen ya rasu shekara guda bayan haka.

Jatan lande ne ya fi yin suna da shi. Yakan ajiye su da rai a cikin kwano a kan teburinsa yana kallon yadda suke iyo. Ya yi shekaru yana rage yawan ƙananan ƙafafunsu a zane, yana barin abin da ido ke kamawa kawai. Jikin da tawada mai ruwa-ruwa, sai ɗigon baƙi mai kauri a ka tun takarda ba ta bushe ba. Ba ya zana ruwan ko kaɗan, amma mai kallo zai rantse a cikin ruwa suke.

A wajen ciniki ba ya jin nauyin kowa. Ya liƙa takardar farashi a ɗakinsa. Da awon ƙafa ake biya, kamar yadi. Mai son a ƙara masa ƙwaro ya ƙara kuɗi, mai son jan launi da yawa ya ƙara kuɗi, kuma abota ba ta rage ko kwabo. Makullan gidan a ƙugunsa suke, shinkafar girki ma shi ke aunawa. An yi ta yi masa dariyar rowa, kuma da ɗan gaskiya a ciki. Sai dai mutum ne mai iyali a Hunan da Bejin, duk suna ci daga alkalami guda, kuma ya san yunwa tun yana yaro. Ga masu jabu da suka cika kasuwa da zane mai ɗauke da sunansa tun yana raye.

Wannan mai son kuɗin ne kuma ya rufe ƙofarsa bayan sojojin Japan sun kama Bejin a 1937. Ya ajiye aikin koyarwa a makarantar zane, ya liƙa sanarwar cewa ba ya sayar wa jami'an hukuma, daga baya ya sanar da daina sayarwa gaba ɗaya. Da makarantar ta aiko masa da rabon kwal na hunturu, mayar musu ya yi, yana tsoho mai shekara tamanin a garin da ruwa ke daskarewa.

Bayan yaƙi, a 1946, ya kai zane sama da ɗari biyu Nanjing da Shanghai, aka saye duka. Ya dawo da takardun kuɗi ɗauri-ɗauri, amma kafin ya kai su kasuwa darajarsu ta zube, ba su isa sayen buhun fulawa goma ba.

Girmamawar hukuma ta zo masa a ƙarshen rayuwa. A 1953 aka ba shi laƙabin mai zanen jama'a, aka kuma zaɓe shi shugaban ƙungiyar masu zane ta ƙasar Sin. Ya rasu a Bejin ranar 16 ga Satumban 1957 yana da shekara 93, ko da yake a jikin zanensa 97 yake rubutawa. Sinawa na da nasu lissafin shekaru, shi kuma ya ƙara wa kansa biyu tun 1937, bayan wani ɗan duba ya tsorata shi da shekara ta 75. A watan Disamban 2017 aka yi gwanjon wasu zanensa goma sha biyu na duwatsu da koguna, waɗanda ya yi a 1925, a kan yuwan miliyan 931.5, wato sama da dalar Amurka miliyan 140.