Labarin Dorugu, Bawan Da Ya Tafi Ingila Ya Komo Gida

Ya kai mai karatu, ko a Karaye ka ke, ko a Rogo, ko cikin ƙauyukan da ke kewaye da su, ka san yadda a kan aiki wani daga cikin 'yan'uwa zuwa ƙasar waje saboda aikin bishara, ya komo da labari da alkawuran abokai. Waɗansu su kan komo da tawali'u, waɗansu kuwa da girman kai. Domin wannan muna so ka ji labarin wani Bahaushe wanda ya riga mu bin wannan hanya.

An haifi Dorugu wajen shekara ta 1840 a ƙasar Damagaram, ubansa talaka ne, manomi. Tun yana yaro mahara suka kama shi, aka yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu har Kukawa, birnin Shehun Barno. A can wani Bajamushe matafiyi, Overweg, ya fanshe shi, ya 'yanta shi, shi da wani yaro Bamarge mai suna Abbega. Da Overweg ya mutu a 1852, sai yaran biyu suka koma hannun abokinsa Barth, wanda mutanen ƙasarmu suka sani da suna Abdulkarim. Suka bi shi ta Damagaram da Katsina da Sakkwato har Tumbutu a 1853, suka juyo ta Kano a 1854, sa'an nan suka ƙetare hamada zuwa Tarabulus, suka shiga jirgin ruwa, suka iso Landan a 1855.

A Ingila kuwa akwai wani malamin C.M.S. mai suna Schön, wanda ya hau kogin Kwara tare da Samuel Crowther a 1841, ya ɗora zuciyarsa a kan harshen Hausa tun daga lokacin nan. Amma ya rasa mai gyara masa baki. Da ya ji labarin yaran, ya kai su gidansa a Chatham a 1856. A 1857 aka yi musu baftisma, Dorugu ya karɓi suna James Henry. Cikin shekaran nan Abbega ya komo, daga baya ya zama sarki a Lokoja. Dorugu kuwa ya zauna har 1864.

Ka lura da abin da ya faru cikin gidan nan, gama nan ne zuciyar labarin. Malamin dattijo ne mai ilimi, yaron kuwa 'yantaccen bawa ne wanda bai mallaki ko anini ba. Duk da haka kowannensu yana da abin da ɗayan ba shi da shi. Schön ya koya masa karatu da rubutu da Turanci. Shi kuwa ya zauna kwana da kwanaki yana faɗin kalmomi da tatsuniyoyi da labarin tafiyarsa, malamin yana rubutawa. Da taimakonsa aka juya Farawa da waɗansu littattafan Bishara da Ayyukan Manzanni zuwa Hausa, aka buga littafin nahawu a 1862, da ƙamus a 1876, da littafin Magana Hausa a 1885. Waɗanda suka kammala Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932 sun tarar an riga an share musu gona. Yadda Allah ya juya bautar Yusufu ta zama abinci ga mutane masu yawa, haka ya yi da wahalar yaron nan.

Zumunta ta gaskiya ke nan tsakanin ikilisiya da ikilisiya. Kadan 'yan'uwa na Ingila ko Amurka sun miƙo maka hannu, kada ka tsaya a gabansu kamar maroƙi, kana lissafa musu talaucinka. Kana da harshe, kana da sanin mutanenka da al'adunsu, kana da addu'a. Ba su iya sayen waɗannan da kuɗi. Ka kai naka, su kawo nasu. Su kuma baƙin akwai gargaɗi a gare su, gama sunan Schön ne a bangon littattafan, na Dorugu kuwa sai wanda ya buɗe ciki. Wanda ya yi noma tare da kai, ka ambace shi ran girbi.

Bayan shekara takwas da ɗoriya a ƙasar sanyi, Dorugu ya komo ƙasarmu. Ba za mu ɓoye maka ba, bai zama babban mai wa'azi yadda 'yan mishan suka sa zuciya ba. Ya yi aikin tafinta wurin Turawa shekaru da yawa. Da tsufa ya zo masa, sai ga shi a Nasarawa ta Kano, cikin makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a 1909, yana koya wa yara da malamai karatun boko. A nan ya mutu a 1912. Mutumin da ya ga Tumbutu da Landan ya ƙare kwanakinsa a gaban allo, yana nuna wa na baya baƙaƙe.

To, kai fa, ran da ka komo daga tafiya, ina za ka zauna? Ka fara da gaida dattawan ikilisiya, ka faɗa musu abin da ka gani ba tare da ƙari ba. Abin da aka ba ka domin jama'a, ka ajiye shi a gaban jama'a, a ƙirga, a rubuta, gama kyautar da ta shiga aljihun mutum ɗaya ta kan raba ikilisiya biyu. Ka aika wa waɗanda suka sauke ka da wasiƙar godiya, ka gaya musu gaskiyar abin da aka yi da kuɗinsu, ko ya yi albarka ko bai yi ba. Kada ka raina tuwon gidanku, kada kuwa ka cika bakinka da Turanci a gaban tsofaffi. Maƙwabtanka Musulmi suna duban tafiyarka fiye da yadda su ke sauraron maganarka. Ka gaishe su da ladabi kamar dā.

Ilimin da ka samo amana ne. Ka nemi yaro ɗaya ko biyu cikin unguwarku, ka zauna da su a kan tabarma, ka ba su abin da aka ba ka. Ubangiji shi ba mu zuciya mai tawali'u cikin fitarmu da komowarmu. Amin.