Tarihin Marigayi Sarkin Kano Alhaji Muhammadu Sanusi

Muhammadu Sanusi ɗan Sarkin Kano Abdullahi Bayero ne, jikan Sarki Abbas, daga gidan Ibrahim Dabo. Ya yi karatun Alkur'ani da na littattafai tun yana yaro. Bayan mahaifinsa ya hau gadon sarauta cikin 1926, aka naɗa shi Ciroman Kano, ya riƙe ƙasar Bichi. A can ya koyi aikin hakimci, watau ƙidayar jama'a, da tara haraji da jangali, da sasanta rigimar gona.

Daga nan aka komo da shi birni, ya shiga Majalisar Sarki, aka danƙa masa lura da hakimai. Da mahaifinsa ya manyanta, yawancin al'amuran En'e sai da suka bi ta hannunsa. Duk ma'aikacin da ya zauna ƙarƙashinsa ya san ba ya ɗaukar sakaci.

Cikin 1947, bisa tsarin mulkin Gwamna Richards, aka buɗe Majalisar Wakilai ta Jihar Arewa a Kaduna. A lokacin nan ba a jefa ƙuri'a, En'e-En'e na kowane Lardi su ke fid da wakilai daga cikin manyan ma'aikatansu. Ciroma yana cikin waɗanda suka tafi daga Kano. Ikon majalisar bai wuce ba da shawara, da duba ƙiyasin kuɗi, da zaɓen masu zuwa majalisar Ikko ba, amma a nan shugabannin Arewa suka fara sanin juna. Da aka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, ya zama ɗaya daga cikin ginshiƙanta a Kano.

Sarki Abdullahi ya rasu ƙarshen 1953, Ciroma ya gaje shi. A zamaninsa Sarauniyar Ingila ta ziyarci Kano cikin 1956. Cikin 1960 kuma aka buɗe kwalejin da daga baya aka sa mata sunan mahaifinsa, ta zauna bayan ganuwa wajen Ƙofar Kabuga, ita ce ta zama Jami'ar Bayero.

Amma cikin 1962 Gwamnatin Arewa ta sa Mista Muffett ya bincika kuɗin En'e ta Kano, wadda ta fi kowace arziki a Jihar. Aka sami Baitulmali cikin ƙunci, ga kuma saɓani tsakanin Sarki da Kaduna. Cikin 1963 ya yi murabus ya koma Azare, ya duƙufa kan ibada da jagorancin Tijjaniyya. Daga baya ya dawo Wudil, ya rasu cikin 1991.

To, 'yan'uwa ma'aikata, sai mu lura. Sarkin da ya fi sarakunan zamaninsa ƙarfi, ta ƙofar Baitulmali aka iske shi. Kowa aka ba amanar littafin kuɗi, ya tsare shi. Allah ya ji ƙansa, amin.