Labarin Shuwanzang, Almajirin Ƙasar Sin

An haifi Shuwanzang wajen shekara ta 602 kusa da birnin Loyang a ƙasar Sin. Ubansa masani ne, shi ya fara koya masa karatu, amma ya rasu tun yaron bai wuce shekara goma ba. Sai wansa, wanda ya ke zaune cikin masu zuhudu na addinin Buddha a Loyang, ya ɗauke shi ya tafi da shi can.

A zamanin nan ba a shiga zuhudu sai da iznin sarki. Wata shekara aka yi shela za a ɗauki mutane kaɗan, ɗaruruwa suka zo jarrabawa. Shuwanzang shekararsa goma sha uku, bai isa a rubuta sunansa ba, sai ya tsaya bakin ƙofa. Mai jarrabawa ya gan shi, ya yi masa tambayoyi, ya ji irin amsarsa, ya sa shi cikin waɗanda aka zaɓa. Aka aske masa kai, aka ba shi tufafin masu zuhudu. Ya ɗauki alkawari ba zai kashe abu mai rai ba, ba zai yi sata ko ƙarya ba, ba zai sha giya ba, ba zai ci abinci bayan rana ta yi tsaka ba, ba kuwa zai riƙe zinariya ko azurfa ba.

Cikin shekara ta 618 yaƙi ya ci ƙasar, mulki ya koma hannun gidan sarautar Tang. Shi da wansa suka gudu zuwa Cengdu, inda malamai da yawa suka taru. A can ya cika zuhudunsa cikin 622, yana da shekara ashirin. Daga nan ya riƙa bin malamai gari gari yana ɗaukar karatu.

To, ga abin da ya dame shi. Addinin Buddha daga ƙasar Hindu ya zo, littattafansa kuwa da harshen Sanskirit aka rubuta su, mutanen Sin fassara kaɗai su ke karantawa. Ya duba ya ga wannan fassara ta saɓa wa waccan, wani littafin ma rabinsa aka kawo. In ya tambayi malamai, kowa sai ya kare abin da ya gada. Sai ya ƙudura a ransa zai je ya ga asalin littattafan da idonsa.

Sarki Taizong ya hana kowa fita ƙasar, ya nemi izni bai samu ba. Wajen shekara ta 629 sai ya sulale, yana ɓuya da rana yana tafiya da dare. Ja-gorarsa ya tsorata ya koma, ya bar shi shi kaɗai da wani tsohon doki a cikin hamada. Ana cikin haka salkarsa ta suɓuce, ruwan ya zube ƙasa. Har ya juya zai koma, sai ya tuna ya yi wa kansa alkawari ba zai taka ƙafa ya fuskanci gabas ba sai ya ga ƙasar Hindu. Ya sake juyawa yamma. Kwana huɗu da yini biyar bai sa ruwa a bakinsa ba, daga bisani dokin ya kai shi wani tafki.

Da ya isa Turfan, sarkin garin ya so ya riƙe shi ya zama malamin fadarsa, har ya ce zai tsare shi ƙarfi da yaji. Shuwanzang ya ƙi cin abinci kwana uku. Sarki ya ji kunya, ya sallame shi da dawaki da barori da takardu zuwa ga sarakunan da ke gaba. Ya hau duwatsu masu ƙanƙara inda waɗansu mutanensa suka mutu, ya bi ta Samarkand, ya ga manyan gumakan Bamiyan a Afganistan, waɗanda aka rushe cikin 2001, kana ya gangara ƙasar Hindu.

Babbar makarantar addinin Buddha a lokacin ita ce Nalanda, a cikin jihar da yanzu a ke kira Bihar, almajiranta dubbai ne. Shugabanta wani dattijo ne mai suna Shilabhadra. Shuwanzang, wanda a gida a ke ganinsa malami, ya sake zama almajiri wajen shekara biyar. Ya koyi Sanskirit da nahawunsa da ilmin manɗiƙi, ya karanta Yogacarabumi, babban littafin nan mai bayanin matakan horon zuciya, wanda dominsa ya baro gida. Ya shahara har Sarki Harsha ya tara malamai a birnin Kanauj kwana goma sha takwas don a yi muƙabala da shi. Abokansa suka roƙe shi ya zauna tare da su, ya ƙi, don bai manta da waɗanda ya baro da littattafai masu kuskure ba.

Ya komo babban birnin Sin cikin 645, bayan shekara goma sha shida, da littattafai 657, ban da waɗanda suka nutse a kogin Indus. Sarki Taizong ya yafe masa fitar da ya yi ba izni, ya so ya ba shi sarauta, ya ƙi. Abin da ya roƙa shi ne wurin zama da mataimaka. Ya shekara goma sha tara yana fassara, ya gama littattafai 75. Da umurnin sarki kuma ya ba da labarin ƙasashen da ya gani aka rubuta cikin 646. Da wannan littafi ne wani Bature, Alexander Cunningham, ya yi ja-gora wajen gane kangayen Nalanda a ƙarni na 19. Shuwanzang ya rasu cikin 664.

'Yan'uwana, mu ma yawancin abin da za mu koyar daga wani harshe mu ke juyo shi zuwa harshen yara. In muka fahimci abu rabi da rabi, haka aji guda zai tafi da shi gida. Ba a ce mu ƙetare hamada ba, amma duk inda littafi biyu suka saɓa, mu tashi mu bincika, mu tambayi wanda ya fi mu sani, kafin mu ɗauki alli mu rubuta a allo.