Jean-Henri Fabre, malamin da ya ƙarar da rayuwarsa kan ƙwari

Ƙoƙi-ƙoƙin da yara ke tsokana a gonakin Ringim da damina yana cikin ƙwarin da wani Bafaranshe ya shafe shekaru yana nazarinsu.

An haifi Jean-Henri Fabre a shekarar 1823 a ƙauyen Saint-Léons da ke kudancin Faransa, kuma iyayensa talakawa ne. Ya zama malamin makaranta, amma yawancin iliminsa na kimiyya shi ya koya wa kansa.

A 1870 ne aka tashe shi daga gidan haya a Avignon, bayan da aka yi masa ca saboda yana koya wa 'yan mata kimiyya. Sai da masanin nan na Ingila, John Stuart Mill, ya ranta masa kuɗi.

A 1879 ya sayi wani fili a Sérignan, inda yake lura da ƙwari da ransu, yayin da masana da dama suka fi mayar da hankali kan matattu da aka soke da allura. A can ne ya ga tamatar ƙoƙi-ƙoƙi guda ta cinye maza 7 cikin mako biyu.

Ya wallafa bincikensa cikin juzu'i 10, daga baya ɗansa Paul ya ƙawata su da hotunan ƙwarin da ya ɗauka.

Fabre ya mutu a 1915 yana da shekara 91.