ABEBE BIKILA, SARKIN GUDU NA HABASHA

Ranar 10 ga watan Satumba, 1960, da yamma, 'yan tsere sama da sittin daga ƙasashen duniya suka jeru a birnin Rum na Italiya don gudun yada-ƙanin-wani na wasannin Olamfik. Tsawon wannan gudu kilomita 42 ne da mita 195, wato mil 26 da 'yan kai. A cikinsu akwai wani siririn soja daga Habasha mai lamba 11 a rigarsa, ƙafarsa ba takalmi. Ba wanda ya kula da shi sai masu yi masa dariya. Kafin dare ya yi nisa kuwa duniya duka ta san sunansa, Abebe Bikila.

An haifi Abebe ranar 7 ga Agusta, 1932, a wani ƙauye da ake kira Jato cikin lardin Shewa. Yana da shekara uku sojojin Italiya suka auka wa Habasha, iyayensa suka yi ƙaura zuwa wani ƙauye mai nisa don tsira da rai. Ya tashi yana kiwo a kan duwatsu, yana wasan gena da 'yan uwansa samari, wani wasa ne na sanda da ƙwallo da ake yi a fili mai faɗi ƙwarai. A 1952 ya tafi Addis Ababa ya shiga rundunar sojojin da ke tsaron fadar Sarki Haile Selassie.

A can ne ya kama gudu sosai. Kullum yakan taso daga tuddan Sululta ya gangaro cikin birni da gudu, sa'an nan ya koma, ta hanyar ƙafa da hawa da gangara. Addis Ababa kuwa tana bisa tudu mai tsawon fiye da mita 2,300, inda iska ba ta da kauri, baƙo in ya ɗan yi sauri sai ya ji numfashinsa na neman ɗaukewa. Wanda ya saba da gudu a irin wannan wuri, in ya sauko ƙasa sai ya ji abin da sauƙi. Wani Bature ɗan ƙasar Suwidin mai suna Onni Niskanen, wanda gwamnati ta ɗauka don horar da sojojin, shi ne ya lura da shi ya shiga koya masa dabarun tsere.

Da suka isa Rum, takalmin da Abebe ya samu bai yi masa daidai ba, har ya yi masa bororo a ƙafa, don haka ya yanke shawarar yin gudun da ƙafa huntu kamar yadda ya saba a gida. Duhu ya shiga suna kan hanya, sojojin Italiya suka tsaya gefen tsohon titin nan na Appia riƙe da jiniya suna haskaka musu. Daga wajen tsakiyar tseren sai ya zama saura shi da Rhadi Ben Abdesselam na Maroko, kafaɗa da kafaɗa. Hanyar ta bi ta gaban dogon dutsen tarihi na Aksum, wanda Mussolini ya sa aka kwaso daga Habasha a 1937 aka kafa a Rum. Ana gab da ƙarshe Abebe ya ƙara wuta, ya bar Rhadi a baya da daƙiƙa 25, ya gama cikin awa 2 da minti 15 da daƙiƙa 16. Kafin wannan rana ba a taɓa samun wanda ya yi gudun cikin lokaci kaɗan haka ba, kuma shi ne baƙar fata na farko daga Afirka da ya ci lambar zinariya a Olamfik. Ya ci ta kuwa a babban birnin mutanen da suka mamaye ƙasarsu shekara 25 da suka wuce.

Ya koma gida aka tarye shi da murna, Sarki ya ƙara masa girma zuwa kofur. Amma murnar ba ta daɗe ba. A watan Disamba na wannan shekara, Sarki yana ziyara a Barazil, shugaban rundunarsu Janar Mengistu Neway ya yi yunƙurin juyin mulki. Abin bai yi nasara ba, jini ya zuba, daga baya aka rataye Janar ɗin. Abebe ba shi da hannu a ciki, amma tun da yake sojan wannan runduna ne, aka tsare shi na ɗan lokaci aka yi masa tambayoyi kafin a sake shi. Yana fitowa ya koma kan gudunsa.

Jarrabawa ta biyu ta zo a 1964. Ana shirin tafiya Olamfik na Tokyo, yana cikin motsa jiki a Debre Zeit sai ciwon ciki ya kama shi. Likitoci suka ga afendis ne, aka yi masa aiki ranar 16 ga Satumba. Saura mako biyar ke nan a yi tseren, mutane da yawa suka fid da rai zai je. Cikin mako guda ya bar asibiti, ya fara taka ƙafa a hankali. Ranar 21 ga Oktoba ya shiga tseren, wannan karon da takalmi, ya gama cikin awa 2 da minti 12 da daƙiƙa 11, ya sake kafa sabon tarihi. Basil Heatley na Ingila, wanda ya zo na biyu, sai da aka yi fiye da minti huɗu kafin ya iso. Shi kuwa Abebe yana gamawa ya shiga tsakiyar fili yana miƙe gaɓoɓi yana motsa jiki, 'yan kallo suna mamaki. Shi ne mutum na farko da ya ci wannan gudu sau biyu a jere. Aka ba shi muƙamin laftana, aka kuma ba shi farar mota Volkswagen.

A Olamfik na Meziko a 1968 ya je da rauni a ƙashin ƙafarsa. Bai kai rabin hanya ba zafi ya tilasta masa tsayawa. Abokinsa Mamo Wolde ya ci tseren, lambar zinariya ta koma Habasha sau uku a jere. Duk da haka Sarki ya naɗa Abebe kyaftin.

Daren 22 ga Maris, 1969, yana tuƙa motarsa sai ta ƙwace ta kife da shi. Ya kwana maƙale a ciki, sai da gari ya waye aka ciro shi. Ƙashin wuyansa ya goce, jikinsa ya shanye daga wuya zuwa ƙafa. Aka kai shi asibitin Stoke Mandeville a Ingila, wanda ya shahara wajen jinyar masu ciwon laka, ya yi wata takwas a can, har Sarauniya Elizabeth ta je duba shi. A hankali hannuwansa suka dawo aiki, amma ƙafafun nan da suka girgiza duniya ba su ƙara takawa ba. Yana da shekara 36 ya koma zaman keken guragu.

A wannan asibiti likitoci sun ɗauki wasa a matsayin magani, kuma a wancan lokaci kowace shekara ana yin gasar naƙasassu a can, wadda ita ce tushen wasannin naƙasassu na duniya da ake yi a yau. Abebe ya ɗauki baka da kibiya ya shiga koyon harbi daga zaune, ya haɗa da ƙwallon tebur. A watan Yuli, 1970, ya koma Stoke Mandeville, ya shiga gasar a cikin waɗannan wasanni biyu.

A watan Afrilu, 1971, aka gayyace shi ƙasar Norwe don kallon wasannin naƙasassu. Da ya je sai ya ƙi zama cikin 'yan kallo. Akwai wani tsere da ake yi a daji bisa dusar ƙanƙara, mutum yana zaune cikin wani irin amalanke marar ƙafa wanda karnuka ke ja, hanya ta bi ta cikin itatuwa da hawa da gangara. Mutumin da ya girma yana kiwo a duwatsun Shewa ba sabawa ya yi da ƙanƙara ko karnukan ja ba, amma ya san tsere mai nisa, ya san yadda ake bin tudu da kwari. Su 16 suka shiga, shi ya zo na ɗaya, cikin awa 1 da minti 16 da daƙiƙa 17. Shekara biyu ke nan bayan an ciro shi daga cikin mota ba ya iya motsa ko yatsa.

A 1972 aka gayyace shi Olamfik na Munich a Jamus a matsayin babban baƙo. Da aka turo kekensa cikin fili sai jama'a suka miƙe tsaye suna tafi. Yana zaune ya ga Mamo Wolde, wanda ya kai shekara 40, ya zo na uku a gudun.

Abebe Bikila ya rasu ranar 25 ga Oktoba, 1973, a Addis Ababa, sanadiyyar zubar jini a ƙwaƙwalwa wanda ya samo asali daga haɗarin nan, yana da shekara 41. An binne shi da faretin soja a maƙabartar cocin Saint Joseph, Sarki Haile Selassie da kansa ya halarta tare da dubban mutane. Hanyar da ya buɗe ita ce Miruts Yifter da Derartu Tulu da Haile Gebrselassie da Kenenisa Bekele suka bi suka kawo wa Habasha lambobin zinariya. Akwai filin wasa mai sunansa a Addis Ababa, dutsen Aksum kuwa da ya wuce ta gabansa a Rum an mayar da shi Habasha a 2005.