Malam Abdullahi ɗan Fodiyo (1766-1829): Malamin da Ya Shata wa Mulki Iyaka

1.0 Gabatarwa

Daga cikin shugabannin jihadin ƙarni na 19 a ƙasar Hausa, Malam Abdullahi na Gwandu ya yi fice wajen bin diddigin tambayar nan: daga ina mai mulki ya samo ikonsa, kuma ina ikon ya tsaya? Rayuwarsa da rubuce-rubucensa sun ta'allaƙa ne a kan amsarta.

1.1 Haihuwarsa da Neman Iliminsa

An haifi Abdullahi wajajen shekarar 1766 a ƙasar Gobir. Ƙane ne ga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya girme shi da kimanin shekara 12. Ya fara karatu a wurin mahaifinsu, Malam Muhammadu Fodiyo, sannan ya lizimci Shehu, ya kuma ɗauki ilimi daga Malam Jibrilu ɗan Umaru. Ya shahara a fannonin nahawu da fiƙihu da tafsiri da waƙar Larabci.

1.2 Jihadi da Zuwansa Kano

Bayan hijira zuwa Gudu a 1804, shi ne ya fara yi wa Shehu mubaya'a, ya kuma jagoranci runduna a yaƙin Tafkin Kwatto. Sai dai tun ba a je ko'ina ba ya lura cewa wasu daga cikin jama'a sun karkata ga neman sarauta da tara dukiya. Wannan ya sosa masa rai ƙwarai, har ya bar rundunar wajajen 1807 da nufin tafiya Makka. Da ya iso Kano, zamanin Sarki Sulaimanu, sai jama'a suka roƙe shi ya rubuta masu abin da za su riƙe wajen tafiyar da mulki. A nan ya wallafa Diya'ul Hukkami, ya karantar da tafsiri, daga bisani ya fasa tafiyar ya koma wurin Shehu. Ke nan talakawan ƙasar Kano, wadda a da ta haɗa har da Birnin Kudu da Gwaram, su ne na farko da aka rubuta littafin domin kare haƙƙinsu.

1.3 Ra'ayinsa Game da Mulki

A fahimtar Abdullahi, haƙƙin talaka a kan ransa da dukiyarsa da mutuncinsa daga Allah yake, shari'a ce ta tabbatar da shi. Tun da ba sarki ne ya bayar da shi ba, ba shi da hurumin ƙwace shi. Iko kuwa amana ce da malamai da dattawan al'umma ke ɗora wa wanda ya cancanta ta hanyar shawara da mubaya'a. Saboda haka ya bambanta halifanci da sarautar gado, ya kuma soki karɓar haraji da tara waɗanda shari'a ba ta san da su ba. Hatta kiɗan fada da laƙabin sarauta bai aminta da su ba, har suka yi saɓanin fahimta da Shehu a rubuce.

1.4 Jarrabawar Mulki da Rasuwarsa

A 1812 Shehu ya danƙa masa yammacin daula, Muhammadu Bello kuwa gabas. Da Shehu ya rasu a 1817, sai aka yi wa Bello mubaya'a a Sakkwato, Abdullahi ya zauna a Gwandu. Dangantaka ta yi sanyi na wasu shekaru, amma bai ɗaga takobi don neman kujerar ba. Bayan Bello ya kawo masa ɗauki a yaƙin Kalambaina, sai ya yi wa ɗan wansa mubaya'a. Ya ƙare rayuwarsa cikin karantarwa da rubutu, ya rasu a Gwandu wajajen 1829. Daga cikin littattafansa akwai Diya'ut Ta'awili da Tazyinul Waraƙati da Diya'us Siyasati.

1.5 Auna Fahimta

1. Bayyana tushen haƙƙin talaka da na ikon shugaba a ra'ayin Malam Abdullahi.
2. Me halinsa bayan 1817 ya nuna game da abin da ya karantar?