Kwegyir Aggrey: Malamin da Ajali Ya Riska Kafin Ya Kammala Kundinsa

 Shekara biyu ke nan da na gama duk darussa da jarrabawar digirin digirgir a fannin shugabancin makarantu, amma kundin bincikena yana nan cikin kwamfuta a babi na biyu. Da rana ina koyarwa a Bronx, da dare ga iyali, ƙarshen wata ga saƙon gida. Duk sanda na ratsa ta gaban Asibitin Harlem sai gabana ya faɗi, domin a nan ne wani ɗan ƙasarmu ya cika ranar 30 ga Yuli, 1927, shi ma da kundinsa bai kammala ba. Shi ne James Emman Kwegyir Aggrey. Bafante ne kuma Kirista, ba ɗan zango ba, amma tarihinsa ya shafi duk wanda ya baro Ghana don neman ilimi.

An haife shi a Anomabu, a bakin teku, ranar 18 ga Oktoba, 1875, zamanin ana kiran ƙasar Gwalkwas. Mahaifinsa shi ne mai magana da yawun sarkin garin, saboda haka ya tashi a gidan da aka san nauyin kalma. Ya yi karatu a makarantar mishan ta Wesley a Cape Coast, kuma tun yana da kimanin shekara 15 aka tura shi koyarwa a ƙauyen Abura Dunkwa. Kafin ya kai 23 har ya zama shugaban makaranta. Da wani ne, da ya ce ya isa. Shi kuwa a 1898 sai ya ajiye muƙamin, ya shiga jirgin ruwa zuwa Amurka, ya koma ɗalibi a Kwalejin Livingstone da ke Salisbury a jihar North Carolina.

Ya gama a 1902, aka riƙe shi malami a can, ya yi kusan shekara 20 yana koyarwa. Ya auri Rose Douglas a 1905, suka haifi 'ya'ya huɗu. Ban da aji, yana limancin wasu ƙananan majami'u na baƙaƙen manoma, yana taimaka musu su haɗa kuɗi su mallaki gona. A cikin wannan hidima yake tsakuro hutun bazara ya zo New York ya yi karatu a Jami'ar Kolombiya. Duk wanda yake aiki biyu a garin nan kuma yana zuwa aji ya san abin da wannan yake ci.

A 1920 gidauniyar Phelps-Stokes ta kafa kwamitin duba yanayin ilimi a Afirka, kuma Aggrey ne kaɗai ɗan Afirka a cikinsa. Sun zaga Afirka ta Yamma har zuwa Afirka ta Kudu, a 1924 kuma suka sake fita zuwa Gabashin Afirka. Duk inda ya tsaya ya yi jawabi, jama'a kan cika wurin. Nnamdi Azikiwe yana yaro ya saurare shi a Legas, kuma daga nan ya ƙudurta zuwa karatu Amurka. Sai dai kwamitin ya sha suka. Ya fi karkata ga koya wa baƙar fata noma da sana'ar hannu, kuma masana irin su W. E. B. Du Bois sun ga wannan dabara ce ta hana mu ilimi mai zurfi. Akwai ma waɗanda suka ga Aggrey ya cika haƙuri da Turawa. Ni dai ina ganin aikinsa na ƙarshe ya nuna inda zuciyarsa take.

Wannan aiki shi ne Achimota. Gwamna Gordon Guggisberg ya ƙudurta gina babbar makaranta a bayan Akra, aka ba Alexander Fraser shugabanci, Aggrey ya zama cikin mataimakansa. Mutanen ƙasa ba su yarda da makarantar gwamnatin mulkin mallaka ba, sai Aggrey ya riƙa shiga gari-gari, yana zama da sarakuna da iyaye har suka saki jiki suka ba da 'ya'yansu. An tsara makarantar ta ɗauki yaro tun daga ajin farko har zuwa matakin jami'a, maza da mata tare, kuma ya tsaya tsayin daka a kan karatun 'ya mace. Tambarin makarantar na baƙi da farin maɓallan piyano daga koyarwarsa aka samo shi, wato sai an haɗa biyun sauti yake daɗi. An buɗe ta ranar 28 ga Janairu, 1927. Kwame Nkrumah yana cikin matasan da suka tasirantu da shi a wannan lokaci.

To, ina maganar digirin? Ana kiransa Dakta domin yana da digirin ilimin addini daga makarantar Hood tun 1912, amma wanda ransa yake so shi ne na Kolombiya. Ya sami digiri na biyu a can a 1922, ya ci jarrabawar digirgir a 1923, saura rubutu kawai. Tafiye-tafiye da aikin Achimota suka cinye lokacin. A watan Mayu na 1927 ya ɗauki hutu ya dawo Amurka don ya rubuta. Ya ga iyalinsa a Salisbury, ya zo New York ya duƙufa, sai sanƙarau ya kama shi farat ɗaya. Ya rasu yana da shekara 51, aka binne shi a Salisbury. Autansa Orison Rudolph, wanda ya bari jariri, ya girma ya zama jakadan Amurka a Senegal da Gambiya da Romaniya. A 2017 Bankin Ghana ya sa hoton Aggrey a takardar sidi 5.

Na daɗe ina fakewa da tarihin nan, ina ce wa kaina ai ga wanda ya jagoranci ilimin ƙasa guda ba tare da takardar ba. Gaskiya ne, ba takarda ce ta sa iyaye suka amince masa ba, ƙafarsa ce da ta taka ƙofar gidajensu. Duk mai neman a kira shi Dakta don a ba shi kujerar gaba a wurin suna ko ɗaurin aure, gara ya adana kuɗinsa. Amma da na sake nazari sai na ga ina yaudarar kaina. Mutumin da sunansa ya riga ya zaga Afirka bai raina rubutun ba, har ya tsallaka teku dominsa. Ya san jawabi yana watsewa da taro, abin da aka rubuta kuwa yana jiran na baya. Abin da ya gani a makarantun nahiyar nan da idonsa, da yawansa ya tafi da shi kabari.

Bincikena a kan makarantun Islamiyya na zango ne da suka haɗa karatun allo da na boko, da yadda shugabanninsu suke riƙe yara mata har su gama sakandare. Idan ban rubuta ba, ban san wa zai rubuta ba. Na koma kan babi na uku a makon nan, awa guda kullum bayan sallar asuba. Ina roƙon 'yan'uwa na gida da suke koyarwa a irin waɗannan makarantu su aiko da sunayensu ta hannun sakataren ƙungiya, ina bukatar jin ta bakinsu. Wanda kuma ya gan ni a taron wata, ya tambaye ni babi na nawa nake, ba zan ji haushi ba.

Allah Ya sa mu gama da duniya lafiya, Ya amfanar da mu abin da muka karanta.